Wai duk zazzaɓi maleriya da taifot ne?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, don Allah ina da tambaya ga likitoci da ma'aikatan lafiyan da ke cikinmu. Wai me ya sa duk wanda ya je ƙaramin asibiti da zazzaɓi in dai an ɗebi jininsa sakamakon ɗaya ne, maleriya da taifot? Babba maleriya da taifot, yaro maleriya da taifot, wanda kansa ke ciwo kawai shi ma haka, a haɗo masa magani cike da leda ya sha ya gama, bayan ɗan lokaci a sake cewa taifot ɗin ya dawo. Taifot ɗin ne ba ya warkewa ko gwajin ne ke da matsala? abin nan ya daɗe yana damuna wallahi

Abban Yara:
Wa alaikumus salam, kin rigani ne kawai. Akwai ma masu cewa wai taifot in ya shiga jikin mutum ba ya fita har abada sai dai ya lafa. Dakta kana kusa?

Dakta:
Wa alaikumus salam. Ina nan Abban Yara. Maman Biyu Allah ya saka da alheri da kika tayar da zancen nan don ni ma yana ci min rai.

Bari in fara da taifot ɗin. Gwajin da aka fi yi a ƙananan asibitoci sunansa Widal, sunan wani likitan Faransa ne da ya fito da shi tun 1896, kin ga ya haura shekara 120 kenan. Shi wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, abin da yake nema shi ne garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ta, wato sawu yake gani ba mai sawun ba. Wanda ya taɓa yin taifot shekarun baya ya warke, wanda aka yi wa rigakafinsa, wanda ya taɓa haɗuwa da dangin ƙwayar cutar waɗanda ba su ne ke kawo taifot ba, kai har mai maleriya ma, duk gwajin yana iya nunawa wai akwai. To in kika tara mutane masu lafiya garau a inda cutar ta yi yawa kika yi musu Widal za ki samu da yawansu ya nuna, alhali ba abin da ke damunsu.

Shi taifot na gaskiya yana da kamanni. Zazzaɓi ne mai hawa a hankali, yau ya fi jiya gobe ya fi yau, ya kai mako ko ya wuce bai sauka ba, ga ciwon kai ga ciwon ciki ga kasala ga rashin son abinci, wani cikinsa ya bushe wani ya yi gudawa. In aka bar shi ba magani wajen mako na uku yana iya huda hanji, wannan kuma sai tiyata. Ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata ake ɗaukarsa. Hanyar tabbatar da shi ita ce a shuka jinin a lab a ga ko ƙwayar za ta tsiro, abin da ake ce wa kalca. Kuma yana warkewa sarai in an ba da maganin da ya dace an sha shi har ƙarshe. Akwai 'yan tsiraru da ƙwayar ke maƙalewa a matsarmamarsu su riƙa yaɗa ta ba tare da suna ciwo ba, amma wannan daban ne da a ce duk wata biyu mutum yana taifot.

Ɗan Lab:
Dakta duk abin da ka faɗa haka ne amma ina so a yi mana adalci. Mu abin da aka rubuto a takarda shi muke yi, in an rubuto Widal mu yi Widal mu rubuta lambar da muka gani, ba mu muke cewa mutum yana da taifot ba. Asalin yadda aka tsara gwajin ma sau biyu ake yi, a ɗebi jini yau a sake ɗiba bayan kwana 10 zuwa 14, in lambar ta ninka sau huɗu sannan a fara maganar taifot. Wa yake yin haka? kowa sau ɗaya yake yi ya ga lamba ya rubuta magani. Shi kuma kalca ba kowane ƙaramin asibiti ke da kayansa ba, yana cin kwanaki kafin ya fito, kuma in mutum ya riga ya sha antibayotik kafin ya zo ƙwayar ma ba lallai ta tsiro ba

Dakta:
Ba ku nake ɗora wa laifi ba malam, mai rubuta gwajin da mai fassara shi su ne a gaba. In babu kalca sai a koma kan mara lafiyan, a tambaye shi a duba shi da kyau. Mutum ya zo da zazzaɓin jiya da yau, yana cin abincinsa, cikinsa lafiya, me ya kawo Widal tun farko?

Maman Biyu:
Ikon Allah. To shi kuma maleriyan fa, shi ma gwajin haka yake?

Kawu:
Ni dai maganar gaskiya maleriya ba sai an gwada ni ba, na san jikina. Da na ji bakina ya yi ɗaci gaɓoɓina suna ciwo ina jin sanyi na san ita ce, in sha magani in miƙe. Tun kafin a kawo waɗannan gwaje gwajen muke shan magani muna warkewa

Sista:
Kawu ina wuni. Ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ɗacin baki da ciwon gaɓoɓi da rawar sanyi ba maleriya kaɗai ke kawo su ba, mura mai ƙarfi tana yi, ciwon maƙogwaro yana yi, ciwon sanyin da ya hau ƙoda yana yi har da rawar ɗari sosai. Da yawa daga cikin zazzaɓin da ake sha wa maganin maleriya a ce an warke, dama ƙwayar bairos ce da za ta tafi da kanta cikin 'yan kwanaki ko an sha ko ba a sha ba, sai maganin ya ci yabo. Matsalar ita ce ranar da abin ya zama nimoniya, wato ciwon huhu, ko sanƙarau ana ta ɗirka masa maganin maleriya, kwana uku ta wuce ana jiran sauƙi.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda ake zargin yana da maleriya a gwada shi kafin a ba shi magani, ko da madubin lab ko da ɗan gwajin nan na gaggawa da ake tsira yatsa a ɗiga jini, minti 15 zuwa 20 ya fito. Ai ba wani ɓata lokaci a ciki.

Kawu:
Lafiya lau 'yata. To amma sau nawa ake yin ɗan gwajin nan ya ce babu alhali mutum yana kwance yana rawar sanyi? ni shi ya sa ban yarda da shi ba

Ɗan Lab:
Kawu in kayan gwajin masu kyau ne, ba su lalace ba, ba a bar su cikin zafi ba, aka ɗiga jini da ruwan daidai aka jira lokacin da aka ce, to in ya ce babu yawanci babu ɗin ce. Inda aka fi samun kuskure shi ne a karanta shi da wuri ko a bar shi ya daɗe sannan a dawo a ga wani layi a ce akwai. Abin da ya kamata a sani kuma, shi ɗan gwajin yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan mutum ya sha magani ya warke, saboda wani sinadarin ƙwayar yake kamawa wanda ke daɗewa a jini. To wanda ya gama magani makon jiya ya dawo da zazzaɓi, madubi ya fi dacewa da shi, a ga ƙwayar ido da ido a ƙirga yawanta

Dakta:
Kawu abin da nake so ka riƙe, in gwaji ya ce ba maleriya ba wannan ba yana nufin lafiyarka ƙalau ba, yana nufin aiki bai ƙare ba. Nan ne ma aikin likita yake farawa. A leƙa maƙogwaro, a leƙa kunne musamman yaro, a saurari ƙirji, a taɓa ciki, a lanƙwasa wuya a ga ko ya sanƙare, a duba fata ko akwai ƙuraje ko maruru, a tambayi fitsari ko yana zafi, mace a tambaye ta al'ada don sabon ciki ma yana zuwa da kasala da tashin zuciya da zafin jiki. In ba a samu komai ba kuma ba alamar haɗari, a ba da farasitamol a ce ya sha ruwa sosai ya dawo bayan kwana biyu in bai ji sauƙi ba, ko nan take in abin ya ƙaru. Wannan dawowar tana cikin magani, mutane ne ba sa ɗaukarta haka, gani suke likitan bai san aiki ba tunda bai rubuta komai ba.

In kuma gwaji ya nuna maleriya ce, maganin nan mai haɗi biyu irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma, a sha shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki, in an yi amai cikin awa ɗaya a sake. Yara da nauyinsu ake auna musu ba da ido ba. Kuma a shanye shi duka ko an ji sauƙi a rana ta biyu. Kulorokwin da Kawu ya sani a da ya yi aiki a zamaninsa, ƙwayar ce ta saba da shi ya daina kashe ta a yawancin ƙasashe, ba ma so wannan ma ya bi sahu.

Malam Mai Kemis:
Ina ta karantawa na yi shiru amma bari in faɗi nawa. Ku a asibiti kuke, mu mu ne mutane suke fara zuwa wajenmu. Mutum zai zo yana mura da tari ya ce a ba shi amoksisilin, ka ce masa mura ba ta buƙatarsa ya je ya sha ruwa ya huta, ya kalle ka ya wuce gaba ya saya a wani wajen, gobe ya ce ai kai ba ka san magani ba. Wani kuma ba shi da halin zuwa ya bi layi ya yanki kati ya jira gwaji, aikinsa na jiransa. Ba wai ina kare sayar da magani barkatai ba ne amma a san cewa abin ba sauƙi gare shi ba kamar yadda ake rubutawa

Anti Malama:
Malam na fahimce ka amma ai don wani zai sayar ba hujja ba ce. Kuma ni ina da tambaya a kan murar, in majina ta koma kore ko rawaya fa? mu abin da muka taso muna ji shi ne ta nuna kenan sai da antibayotik

Dakta:
Anti launin majina ba ya raba bairos da bakteriya, murar yau da kullum ma tana farawa da ruwa ruwa ta yi kauri ta canza launi sannan ta tafi. Mura bairos ce, shi kuma antibayotik bakteriya yake kashewa, bai da abin yi da bairos ko kaɗan. Tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10, tarin da take bari yana iya kai wa mako uku. Wanda ya fara amoksisilin a rana ta biyar ya ji sauƙi a ta bakwai zai rantse maganin ne, alhali lokacinta ne ya yi.

Malam Mai Kemis na san matsin da kuke ciki, mu ma ana yi mana, uwa ta zo da yaro ka ce mura ce ta fita ranta a ɓace. Amma ka duba abin da ke biyo baya. Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa buƙata ba, ƙwayoyin da ke zaune a hanji da fata da hanci suna koyon jure masa, masu rauni su mutu masu taurin kai su hayayyafa, su kuma ake yaɗawa a gida da asibiti. An yi lissafi a duniya cewa a 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani. Shi kansa Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi gargaɗin haka a 1945 lokacin da aka ba shi kyautar Nobel. Taifot ɗin da muka fara da shi ma akwai nau'insa da ya bijire wa yawancin magungunan da aka saba, an gan shi a Pakistan daga 2016. Kowane Widal na ƙarya da aka bi da antibayotik irin su sifrofuloksasin yana ƙara tura mu can.

Malam Mai Kemis:
Ban musa ba Dakta. Ni abin da zai taimake ni shi ne in san wane mai tari zan ce masa ya yi haƙuri da farasitamol, wane kuma zan ce kar ya tsaya ko'ina sai asibiti. In na san wannan na fi ƙarfin gwiwar hana mutum

Sista:
Yawwa wannan ita ce tambayar. Ga yara ƙasa da shekara biyar akwai hanyar da ba ta buƙatar na'ura, agogo kawai. Yaro yana kwance shiru ba ya kuka, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60 ko fiye, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, ana ɗaukarsa nimoniya, wannan shi ne mai buƙatar amoksisilin kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna masa. A kuma kalli ƙasan haƙarƙari, in yana lotsawa ciki lokacin da yaron ke jan numfashi wannan ma alama ce.

Sai alamomin da ba a jira da su ko da tsakar dare ne, yaro ya kasa shan nono ko ruwa, duk abin da ya sha sai ya amayar, jijjiga, ko ya yi laushi yana ta barci ba a iya tashinsa sosai. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau babu maganar gida sam. Babba kuma in numfashi na masa wuya, ƙirji na ciwo, tari da jini, ruɗewa, wuya ya sanƙare, ko tarin ya kai mako biyu musamman da rama da gumin dare, wannan na ƙarshen a gwada majinarsa don tarin fuka, yana warkewa da maganin wata shida amma ba sirof ɗin tari zai yi masa ba

Maman Biyu:
Sista na adana wannan wallahi, ƙirgen numfashin nan ban taɓa ji ba. To gudawa fa? don ita ma da yaro ya fara kowa Flagyl zai ce miki

Sista:
Flagyl ɗin nan ya zama ruwan dare. Yawancin gudawar yara bairos ce, kuma abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Maganinta ruwan gishiri da suga na fakiti da ƙwayar zinki, haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar tun 2004. Zinkin miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida rabin haka, a ci gaba ko gudawar ta tsaya. Fakitin a zuba shi a daidai ruwan da aka rubuta a jikinsa, kar a rage ruwa wai don ya yi ƙarfi, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan bayan kowane zawo, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Nono kar a tsayar, abinci kar a hana. In babu fakiti a kusa, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kar a tula.

Inda ake maganar antibayotik shi ne in akwai jini a bayan gidan, ko zawo kamar ruwa mai yawan gaske da ake zargin kwalara, su kuma asibiti ne. Haka in ido ya faɗa, ko kin ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko ya kasa sha. Maganin tsayar da zawo kuma ba a ba yara

Baba Alhaji:
Salamu alaikum. Ni tsoho ne ina bin ku a hankali. Abin da na sani shi ne allura ta fi ƙwaya ƙarfi, in aka yi wa mutum allura aka sa masa ƙarin ruwa nan da nan yake miƙewa. Yanzu sai ka je a ba ka ƙwaya a sallame ka. Wannan ba rowa ba ce?

Dakta:
Wa alaikumus salam Baba, barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Ba rowa ba ce ranka ya daɗe. Maganin da ke cikin allura da na ƙwaya sau da yawa abu ɗaya ne, duk jini za su shiga, in mutum yana iya haɗiya cikinsa na riƙewa ƙwayar ta isa. Allura tana da ranarta, wanda ke amai ba ƙaƙƙautawa, wanda ya suma, maleriya mai tsanani da ake yi wa allurar atesunet a farko da bayan awa 12 da bayan awa 24, shi ma da ya farfaɗo sai an bi shi da ƙwayar kwana uku. Amma allurar da ba dalili tana iya jawo ƙurji a wajen, tana iya taɓa jijiyar ƙafa in an yi ta ba daidai ba, in kuma sirinjin ba sabo ba ne ga ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙarin ruwa kuwa Baba ruwa ne da gishiri ko suga, ba abinci ba ne ba kuma jini yake ƙarawa ba, wanda zai iya sha da baki bai buƙace shi, ga dattijo mai raunin zuciya ko ƙoda ma yana iya taruwa a huhu ya zama matsala.

Wani abin da ke sa a ji allura ta yi aiki nan take, wasu suna haɗawa da dekzametason, mutum ya ji garau na ɗan lokaci alhali ciwon na nan, yawan amfani da shi kuma yana tayar da suga da hawan jini ya raunana garkuwar jiki. Duk allurar da za a yi muku ku tambayi sunanta, haƙƙinku ne.

Baba Alhaji:
To madalla, Allah ya yi albarka. Zan riƙa tambaya

Abban Yara:
Dakta tunda ana yi, olsa fa? ita ce ta uku bayan maleriya da taifot, duk mai zafin ƙirji an ce masa olsa

Dakta:
Haka ne, ita ma an mai da ita suna na kowa. Gyambon ciki na gaskiya manyan dalilansa biyu ne, wata bakteriya da likitoci biyu 'yan Ostareliya suka gano a farkon shekarun 1980 har suka samu Nobel a 2005, da kuma yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin. Ita bakteriyar ana gwada ta a bayan gida ko numfashi, a kashe ta da haɗin magani na kamar mako biyu. Abin da nake tsoro shi ne mai shekaru ko mai suga ko hawan jini da ya ji nauyi a ƙirji yana gumi, ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi, a ce masa olsa ce ya sha maganin ruwa, alhali zuciya ce. Haka baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, abinci na maƙalewa, ko rama ba dalili, duk ba na kemis ba ne.

Anti Malama:
Ni dai abin da na lura, wani likitan kafin ki gama zama ya gama rubutu. Ta yaya zai gano duk waɗannan in bai saurare ki ba?

Sista:
Anti kina da gaskiya, yana faruwa, wani lokacin yawan jama'a ne wani lokacin kuma sakaci ne kawai, ba zan kare shi ba. Amma ke ma ki shirya maganarki tun daga gida, yaushe ya fara, da me ya fara, me ya biyo baya, me aka sha, kuma a zo da kwalayen maganin da aka sha kar a ɓoye, har na gargajiya, don wani yana rufe alamar ciwo wani kuma ba ya haɗuwa da wani. Kafin ki tashi ki tambaya me ake zaton yana damuna, maganin nan na mene ne, kwana nawa, me zan gani in dawo da gaggawa. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushin waɗannan ba

Kawu:
Na ji bayananku, zan riƙa yin gwajin kafin in sha. Amma akwai ɗaya, an taɓa auna ni aka ce jinina ya hau aka rubuta min magani, mutane suka ce kar in fara don in an fara ba a dainawa. Ni kuma ba na jin komai a jikina

Dakta:
Kawu rashin jin komai ɗin shi ne halinsa, kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, wani sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci sai in ya yi sama ƙwarai. A auna ka a ranaku biyu daban daban, ka zauna minti biyar ka huta tukuna, bayanka a jingine hannunka a ajiye daidai ƙirji, ba magana. In a duka ranakun biyu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 to hawan jini ne. A haɗa da gwajin suga da safe kafin ka ci komai, in ya kai 126 a ma'aunin mg/dL ko 7 a ma'aunin mmol/L ana zargin ciwon suga, shi ma a maimaita, da gwajin fitsari don a ga lafiyar ƙoda.

Zancen in an fara ba a dainawa, ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya, maganin riƙe shi yake yi, ranar da aka ajiye jinin ya koma inda yake. Wasu in suka rage gishiri suka rage ƙiba suna tafiyar ƙafa suka bar taba ana rage musu magani, amma likita ne zai rage bayan ya ga awo. Takardar da aka rubuta maka tana nan?

Kawu:
Tana nan amma ta daɗe

Dakta:
To kar ka saya da ita. Ka je a sake auna ka cikin makon nan, ka tafi da takardar su ga lambar farko, in sun ce ka dawo awo na biyu ka koma. In kafin nan ka ji ciwon kai mai tsanani da ba ka saba ba, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, a kai ka babban asibiti a lokacin, kar a jira gari ya waye.